Garin Masara a Kan Mista Kapambwe

Zuwa ga Yayata Enelesi,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban Zelipa da 'yan biyu. Allah ya ba ki ƙarfin tsayuwar asibiti, ya sassauta muku sanyin Leeds, wanda na ji an ce bana har masu ƙasar suna kuka da shi. Mu a nan sai godiya. Damina ta yi kyau, masara ta kai gwiwa, gyaɗar Mama ma ta tsira duk da akuyoyin maƙwabta. Ƙafarta da sauƙi sosai. Takalmin da kika aiko mata kuwa ta naɗe shi a zane ta ajiye a ƙasan akwati, wai ya yi kyau da yawa, ba na taka ƙasa ba ne. Matar ɗan'uwanmu Gidiyon ta sauka lafiya, an samu namiji, hancin gidanmu sak, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsa. Kawu Yohane ya sake neman kujerar dattijon coci ya sake faɗuwa, kuma har yanzu yana cewa maguɗi aka yi masa, ko da yake matarsa ce ta ƙidaya ƙuri'un.

Yaya, na ga saƙonninki duka, da fuskokin dariyar da kika jero mini. Ashe bidiyon nan ya tsallaka teku. Kin kira ni jaruma, kin ce in sayi akuya a yi wa Zelipa walimar samun makaranta, a kuma kai wa shugaban kwalejinmu, Mista Kapambwe, kyautar godiya. Ban amsa miki a waya ba, domin waya gaggawa gare ta, abin da zan faɗa kuwa ba ya son gaggawa. Abin da kika kalla ɗan guntu ne da wani ya ɗauka daga bayan taro. Ke ce uwar yarinyar, ya kamata ki ji farkonsa da ƙarshensa kafin ki yanke abin da za a yanka.

Kin tuna ƙa'idar da na yi ta yi miki albishir da ita bara, wadda ta ce duk makaranta ko asibiti ko shirin da ke cin kuɗin gwamnati ba shi da ikon mayar da mutum saboda nakasa, kuma dole ya tanadi tafinta ga kurma. Ya kamata ta fara aiki kafin mu ɗauki sababbin ɗalibai. Da ƙarfin wannan na ce wa Zelipa ta nemi sashen lantarki a kwalejinmu, ta daina ƙarewa a rumfar kasuwa tana gyara wa mutane fitilun sola, ta samu takardar shaidar da ake ba mutum aikin kirki da ita. Na ce mata bana rana ba za ta yi ƙarya ba. Ana dab da lokacin sai ga sanarwa daga sama, wai an ɗage fara aiki da ƙa'idar har shekara biyu domin masu ruwa da tsaki su kammala shiri. Karo na biyu ke nan ana ɗage ta. Ba wanda ya ce ba ta da kyau, kowa yabonta yake yi, ƙaddararta dai irin ta takalmin Mama ce. Abin da ba wanda ya duba shi ne, tallafin gwamnati na koyon sana'a ba a ba wanda ya wuce shekara ashirin da biyar, Zelipa kuwa tana da ashirin da huɗu, sanƙarau da neman makarantar kurame sun riga sun cinye mata shekarun da ya kamata ta yi tanadi. Ranar da masu ruwa da tsaki za su gama shiri, 'yarki ta tsufa a takarda.

Duk da haka ta nema, aka kuma kira ta ganawa. Kin san ina cikin kwamitin da ke ganawa da masu nema. Na je na shaida wa Mista Kapambwe cewa akwai kurame uku a ranar, Zelipa da wata Esinati daga Lundazi mai neman ɗinki, da wani magidanci Limbikani mai neman kafinta, ya kamata a ɗauko tafinta daga makarantar mishan. Ya ba ni kujera, ya ba ni shayi, ya ce shi kansa abin yana ci masa rai, amma tunda doka ba ta tilasta ba tukuna, ba shi da hurumin shigo da baƙo ɗakin ganawa, masu bincike kuma ba tausayi suke zuwa dubawa ba. Na ce to ni zan fassara, ai tun tafiyarki muke gida ɗaya da yarinyar, hannuna ya iya magana. Sai ya tuna mini da wata dokar, wadda ba a taɓa ɗage ta ko da yini ɗaya ba, cewa duk ɗan kwamitin da ke da ɗan'uwa cikin masu nema dole ya bar ɗakin ranar gaba ɗaya. Ya faɗe ta a hankali, domin ya san ni na fi kowa dagewa a kanta lokacin da aka kawo ta.

Daga nan kunyata ta fara. Na fita, Yaya. Ban ɗaga murya ba, ban ce a rubuta cewa ban yarda ba, ban ce in haka ne a ɗage ganawar ba tunda ɗagewa ta zama sana'armu. Na tattara takarduna har da wani ɗan jin daɗi na mace mai tsabtar hannu. A kwalejin nan Madam Ƙa'ida ake ce mini a bayan ido, na sani, kuma ina son sunan. Na zauna a bencin baranda ina jin mutum huɗu masu digiri suna yi wa kurma ihu ta bango. Malamin lantarki yana maimaita tambaya yana ƙara murya, kamar mai kiran saniya a hayin rafi. Da Turanci bai yi ba, wata ta gwada da Nyanja, ko matsalar ta yare ce. Daga baya Zelipa ta gaya mini ta rubuta musu a takarda cewa su rubuto tambayoyin ta amsa, suka ce ganawar ta baka ce, ana gwada yadda mutum zai yi mu'amala da masu ba shi aiki. Fitilar da ta haɗa da hannunta, yadda ta shiga da ita a jaka haka ta fito da ita. Da ta gan ni a benci sai ta tambaye ni da hannu ko na ji abin da suke cewa. Na ce na ji sarai. Ta ce to alhamdu, aƙalla mutum ɗaya a gidanmu ya amfana da ganawar.

Su ukun duka aka kayar. Gidanmu dama ba mai hayaniya ba ne, amma sai a makonnin nan na san hannu ma yana iya yin shiru. Tana dafa tuwon masara, tana ajiye mini nawa a rufe, tana tafiya rumfarta. Ni kuma ina ce miki a waya sakamako bai fito ba. Ki yafe mini wannan, shi ne ƙarami a cikin laifuffukana.

Ana cikin haka mahaifiyar Mista Kapambwe ta rasu. Ba ki san ta ba. Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Bemba daga Mporokoso, ta haura tamanin, tana zaune wurinsa a gidajen ma'aikata, katanga ɗaya da mu. Kullum da safe sai ta leƙo ta tambaye ni ko na karya da ɓera ko yau ya tsere mini, irin tsokanar da Bemba ke yi mana mu ƙabilar Ngoni, sannan ta miƙo wa Zelipa busasshen kifi a takarda. Ban taɓa rama mata da cin birin da muke tsokanarsu da shi ba, murmushi kawai nake yi in wuce. To tunda makokin Bemba ne, mu Ngoni abokan wasansu bisa al'ada aikin binnewa ya hau kanmu. Mazanmu suka haƙa kabari, mu muka kama tukwane. Ke da kika daɗe a ƙasar da ake binne mutum shiru kamar an sato gawar, wataƙila kin manta sauran. Bayan an dawo daga maƙabarta muna da ikon mu zuba wa masu makoki gari a ka, mu yi musu ba'a son ranmu, ba su da damar ɓata fuska, kuma ba a sakin mutum sai ya fanshi kansa. Kin san ni da wannan wasa. Tun muna yara nake ɓuya a bayan zanen Mama in an fara shi, da na je jami'a kuma na samo masa suna, na ce ƙauyanci ne.

Da rana tsaka muka dawo, aka wanke hannu a bakin ƙofa, wasa ya kankama. Matanmu suna cewa tsohuwa ta gaji da naman biri ne ta gudu, wasu suna ƙidaya cokula da ƙarfi wai gidan ya cika da Bemba, kada a wayi gari babu ko ɗaya. Su kuma suna ramawa cewa ba su taɓa ganin kabarin da aka gama da wuri haka ba, amma ba mamaki, wanda ya girma yana tonon ramin ɓera ai gwani ne. Mista Kapambwe yana zaune a kujera ƙarƙashin mangwaro cikin baƙar kwat, an ɗan shafa masa gari a kafaɗa don ladabi, ba wanda ya kuskura ya wuce nan tunda rabin masu wasan shi ke sa hannu a hutunsu. Zan so in ce miki abin ya zo mini ne kawai a wurin. Amma tun da safe na ɗebi garin masara a leda na sa a jakata, kusa da littafin waƙoƙin coci.

Sauran kin gani. Na juye masa ledar duka a ka. Wurin ya ɗauki sowa, ba don garin ba, don mai zuba shi. Na jawo tebur na zauna gabansa, na sanar wa taro cewa mu Ngoni ba ma karɓar maraya haka kawai, sai an yi masa ganawa an ga ko ya cancanta. Na yi masa tambaya uku da hannu, ba tare da na buɗe baki ba. Ya zuba mini ido. Na maimaita ina ƙara girman alamun ina buga tebur. Matan kicin suna ihu wai in ƙara masa murya, wata tana cewa a gwada shi da yaren biri ko zai gane. Na juya na shaida wa jama'a cewa ɗan takara ya ci sifiri, ba zai iya mu'amala da masu ba shi aiki ba, ya dawo bayan shekara biyu. Baƙi suna dariya har da riƙe ciki. Ma'aikatan kwaleji, waɗanda suka san inda maganar ta dosa, dariyarsu rabi ce. Ya laluba aljihu zai fanshi kansa, na ce mu ba ma karɓar abin hannun Bemba, ba mu san inda ya samo shi ba. Fansarsa ita ce ya sake ganawa da 'yata, da tafinta a ɗakin. Wani kawunsa tsoho, fari fat da gari shi ma, ya ce ai ba a hana abokin wasa abin da ya roƙa ranar da ya haƙa maka kabari. Mista Kapambwe ya gyaɗa kai, aka yi tafi.

Mai ɗaukar bidiyon yana bayansa ne, shi ya sa ba ki ga fuskarsa ba. Ni na gani. Tambayoyin da na yi masa ba wasu ba ne, na tambaye shi sunansa, da garinsu, da abincin da mahaifiyarsa ta fi so. Bai gane komai ba sai alama ɗaya, ta uwa, wadda ba sai an koya wa mutum ba. A nan hawaye suka tsaga garin da ke fuskarsa layi biyu, yana murmushi kamar yadda al'ada ta ce ya yi. Mutumin da ya binne uwarsa da safe. Na gani, kuma ban tsaya ba, domin na ga abin yana ci.

Ya cika alkawari. Bayan ya dawo aiki aka kira Zelipa, wata sista daga makarantar mishan ta zo ta fassara, ni kuma na koma bencina. Wannan karon ba a ji ihu ba, sai dai sun daɗe, malamin lantarki ya riƙe ta yana ta juya fitilar nan. Ta zo cikin na gaba-gaba. A takardar kwamiti an rubuta cewa an sake ganawar ne bisa dalilai na jin ƙai. Ni na san irin garin da aka tuƙa jin ƙan da shi.

Zelipa ba ta je makokin ba, kuma ban gaya mata yadda aka yi ba. A kasuwa ta ga bidiyon a wayar wata mai tumatir. Ta dawo gida ta zaunar da ni muka kalla tare. Ki yi tunani, Yaya, duk waɗanda suka kalli abin nan daga nan har Leeds sun ji sowa ne ba su san me na ce ba, ita kaɗai ce ba ta ji sowar ba amma ta karanta kowace kalma. Da farko har ta yi dariya, ta ce hannuna a gaban jama'a in'ina yake yi. Da aka zo tambaya ta uku ta daina. Sannan ta ce in gaya mata abin da na faɗa da baki a ƙarshe, tunda ba ta ga leɓena da kyau ba. Na gaya mata. Ta ce in faɗa daidai, kurame na ce ko 'yata. Na ce 'yata na ce. Sai ta tambaye ni, Esinati da Limbikani fa, uwar wa za ta mutu kafin a saurare su.

Mutumin yana hannuna a ranar, kawunsa ya ɗaure shi, da kurame na ce da ya gyaɗa kai haka nan. Kalma ɗaya ce tsakani. Ni da na yi shekaru ina koya wa kwamiti cewa ba a duba dangi, da dama ta zo mini sau ɗaya, dangi kaɗai na gani.

Washegari na je ofishinsa. Ya aske kansa na makoki, ya rame. Ya ba ni kujera da shayi kamar kullum. Da ya yi fushi da na samu sauƙi, amma sai ya ce da tsohuwa tana nan da ta fi kowa dariya, wai kullum tana cewa ba ta taɓa ganin 'yar Ngoni da ba ta iya wasa ba sai ni, ashe tara shi nake yi. Na kawo maganar sauran biyun. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, cikin ladabi, makoki ya ƙare, nan kuma ofis ne. Abin da ya yi a ƙarƙashin mangwaro ya yi shi ne don uwarsa, ba zai iya maimaita shi a kan tebur ba sai da doka a hannu, guraben ɗinki da kafinta kuma sun cika. Ya ce da zarar ƙa'ida ta fara aiki shi zai fara aika musu. Ban tambaye shi ko ya san shekarunsu ba. Ni na sani, Esinati ta girmi Zelipa da 'yan watanni. Na gode masa da shayi na fito.

Kwanaki Zelipa tana cewa ba za ta karɓi gurbin ba. Na kasa lallashinta, da wane baki, ko in ce da wane hannu. Sai da Mama ta hau mota ta zo da kanta, ta zauna a tabarma ta sa na fassara mata. Ta ce wanda ya ƙi tuwo don an hana maƙwabcinsa, gida biyu ya sa suka kwana da yunwa, kuma fushi ba ya mayar da shekara baya. Zelipa ta saurara. Ranar Litinin ta je ta yi rajista. A aji babu tafinta, tana kwafa daga allo da littafin ta kusa da ita, malamin lantarki kuma ya fara koyon juyo da fuskarsa in zai yi magana, in ya tuna. Rumfarta ta bar wa Limbikani, tana nuna masa aikin ranar Asabar. Esinati ta koma Lundazi.

Amma ta gindaya sharuɗɗa, kuma su ne dalilin takardar nan. Ba walima, ba akuya, ba kyauta ga kowa. Ta ce abin da ya kamata a ba ta a bakin ƙofa ne aka jefo mata ta taga, za ta ɗauka tunda nata ne, amma ba za ta yi rawa a kai ba. Kuma ta kwashe kayanta ta koma ɗakin kwanan ɗalibai, alhali daga gidana zuwa ajinta ko ruwan sama ba ya jiƙa mutum. Ta ce ba fushi take yi da ni ba. So take ta riƙa shiga kwalejin ta ƙofar da sauran ɗalibai ke shiga, ba ta gidan ma'aikata ba. Na taya ta ɗaukar katifa.

Saboda haka ina roƙonki, Yaya, ki goge bidiyon nan daga zauren danginmu na waya, ki kuma hana Kawu Yohane tura shi ga mutanen coci. A nan ba ni da yadda zan yi, in na wuce a baranda sai in ga ɗalibai suna kakkaɓe kai suna gaishe ni. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma ke kada ki ƙara kirana jaruma, ko da wasa.

Ki gaida Baban Zelipa da kyau, ki ce masa 'yarsa ta gaji taurin kansa kuma ya yi mata amfani. Ki shafa mini kan 'yan biyu, Tamara da Yamikani, ki ce su daina amsa wa kakarsu da Turanci a waya, tana cewa ba ta san ta haifi jikokin rediyo ba. Mama tana gaishe ku tana sa muku albarka. Gidiyon da matarsa da jariri suna gaisuwa, haka Kawu Yohane da Inna Malita. Ubangiji ya tsare ku a baƙuwar ƙasa, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

In kin kira Zelipa a bidiyo ranar Lahadi, ki tambaye ta karatu, ki tambaye ta ko abincin makaranta yana isarta. Kada ki ce mata ta gode mini.

Ƙanwarki,
Tionenji Shawa